Abin da ke Ƙarƙashin Bargon Sahabi

Kwaɗayi iri-iri ne, amma wanda ya fi ƙazanta shi ne na mutumin da ke cin abinci da ciwon ɗan'uwansa. Ɓarawo ko banza yana laɓewa, ya san abin da yake yi ba kyau. Shi kuwa wannan a gaban jama'a yake zama, ya marairaice fuska, mutane na wucewa suna sa masa albarka. Halin da ya ci Maccido na Jiga Makera ke nan, kuma ga yadda aka yi.

Ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi ba, wata kaka shanu suka faɗa gonakin wake a dajin da ke tsakanin ƙasar Aliero da ta Maiyama. Daga cacar baki aka koma sanda, daga sanda sai adda da kibiya da bindigar toka. Kafin 'yan sanda su iso an yi ɓarna a kowane ɓangare. Cikin waɗanda aka kwaso har da Sahabi, ƙanen Maccido uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa, mutumin da ba faɗa ya kai shi wurin ba, jakinsa ya je kwancewa. Harbi ya same shi a cinya dab da gwiwa, ƙashi ya karye.

Wurin masu ɗori na Aliero aka fara kai shi, kamar yadda kowa ke yi a ƙasarmu. Tsohon da ya duba shi mai tsoron Allah ne. Ya taɓa cinyar, ya ce ƙashin da dalma ta shiga ba aikinsa ba ne, a wuce da shi asibiti tun wuri. A lokacin wata ƙungiyar agaji ta sauka Jega saboda wannan faɗan, an ba ta ɗakuna a bayan asibiti, tana karɓar duk wanda aka sara ko aka harba, ba ta tambayar daga wane ɓangare ya fito. Manomi a wannan gado, makiyayi a na kusa da shi, kowa ya juya wa wani ƙeya. Can aka yi wa Sahabi aiki, aka tsince dalmar, aka rataya wa ƙafar nauyi har ƙashi ya kama.

Ƙashi ya kama, amma ƙafar ta miƙe kamar taɓarya. Gwiwa ba ta lanƙwasuwa, cinya ta tsotse. Sai aka miƙa shi ga Ayuba, likitan gashin ƙashi na ƙungiyar, wani gajere mai faɗin ƙirji daga ƙasar Zuru. Ɗakinsa ba kwalba ba allura. Gora biyu ne a jere da mutum ke dafawa ya koyi tafiya, da jakunkunan rairayi, da igiya a kan ƙafar keke da aka kafe a rufi, sai tukunyar ruwan zafi da tawul. Mutanenmu da suka leƙa cewa suka yi wannan ai turken jakai ne, ba asibiti ba.

Ayuba zai gasa gwiwar da tawul mai zafi, ya kifa Sahabi rub da ciki, ya kama diddigen ya riƙa turawa baya a hankali. Nan ne ake jin muryar Sahabi har bakin titi.

"Wayyo Allah! Likita, ka kashe ni!"

"Ban kashe ka ba tukuna," in ji Ayuba. "Numfasa. Ƙara kaɗan. Yauwa, jiya ai ba ta kai nan ba."

A gefe akwai Altine, wani Bafillace da aka sara a kafaɗa a faɗan nan, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Shi igiya yake ja, gumi na zuba, amma ba a jin ihunsa. Da farko ko gaisawa ba su yi da Sahabi. Ciwo ne ya haɗa su.

"Kaɗo, yi a hankali," in ji Altine. "Kukanka ya sa nono ya tsinke can ruga."

"Ruhe min baki, ɗan daji. Shanunku sunka jawo muna wanga abu."

"Shanu ba su san ka ba. Kai dai tanƙwasa ƙahwa, in kana son baɗi ka kore su da gudu."

Wata rana Ayuba ya kira Maccido, da yake shi ne babba, da Kaltume matar Sahabi, ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce gwiwar nan kamar ɗanyar fata take. In ana jan ta kullum za ta yi laushi, in aka bar ta ta bushe a miƙe, ba mai lanƙwasa ta kuma. Ya ce lokacin yanzu ne, ba gobe ba. Sahabi zai yi kuka, a bar shi ya yi, kada tausayi ya sa wani ya hana shi tashi.

"Allah shi saka, likita," in ji Maccido, yana gyaɗa kai.

Ya ji, kuma ya gane sarai. Kada wani ya ce muku jahilci ne.

Abin da ke cin ran Maccido daban ne. Da ubansu ya rasu aka raba gado, fadamar da ke kusa da ruwa ta faɗa hannun Sahabi, ta Maccido kuwa tana can gefen tudu, ruwa na yi mata wuya. Tun a lokacin abin ke tsaye masa a maƙoshi. Yanzu ga rani ya kama, lokacin dashen albasa ya yi, mai fadama na kwance. Ga kuma 'yan dubiya suna tururuwa, kowa da abin hannunsa, amma a asibiti duk abin da aka kawo hannun Kaltume yake shiga, ita kuwa ta raba da maƙwabtan gado, har da Fulani. Maccido na zaune yana kallon kaza na wucewa ta gabansa.

Sai ya fara da kunnen ƙanensa. Duk sanda aka dawo da Sahabi daga ɗakin gashi yana haki, Maccido zai zauna a bakin gado yana yi masa fifita.

"Ni ba ni iya jin kukan ga naka, Sahabi. Mutumin ga ba jininka na ba, mi ad damunai da kai? Ƙashin da Allah yaɗ ɗora, shi ka son shi sake karya shi. Ka taɓa ganin inda anka murɗa karaya? Mara lahiya kwanciya shika yi."

Mutum mai jin zafi ba ya buƙatar dogon lallashi. Wata safiya da Ayuba ya zo ɗaukarsa, Sahabi ya rufe ido ya ce, "Yaya, kai ni gida."

Ayuba ya yi faɗa, ya yi roƙo, amma ba shi da ikon tsare mutum. Ya ba su sandunan hammata, ya sake nuna wa Maccido yadda ake gasa gwiwar da yadda ake tura ta, ya ce a riƙa juya shi a shimfiɗa, a tashe shi safe da yamma. Maccido ya ce duk za a yi. Da suka isa gida, sandunan nan ƙyauren garkar awaki ya tokare da su.

Bai kai Sahabi ɗakin matarsa ba. A zaure ya shimfiɗa masa tabarma, wai don kada 'yan dubiya su riƙa ratsa cikin gida. Ya lulluɓe shi da wani bargo mai kauri daga ƙirji har ƙafa, ya shimfiɗa buzunsa a wajen kai, ya zauna.

Kun san yadda dubiya take a wurinmu. Mutum zai yi sallama, ya tsuguna ɗan nesa, ya ce ya jiki, a ce da sauƙi ko da rai ake ja. Ya yi addu'a, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Ba mai cewa a buɗe ya gani, don buɗe jikin magidanci a gaban mutane cin fuska ne. Kuma mai jinya shi ke amsa tambaya, ba mara lafiya ba. Al'ada ce mai kyau, ta rufin asiri. Ita Maccido ya mayar da ita rumbu.

Da yake harbi ne a faɗan da kowa ya ji labarinsa, mutane suka yi ta zuwa daga Dangamaji, daga Jiga Birni, daga ko'ina. 'Yan kasuwar albasa na Aliero suka aiko da buhun shinkafa, mahautan Jega suka aiko da cinyar saniya. Masu neman kujera ma suka zo da motoci, suka tsaya a kan mara lafiya suka yi jawabi. Hatsin agaji da aka ware wa waɗanda suka ji rauni, Maccido ke zuwa ya karɓo rabon ƙanensa. Duk wanda ya shigo zai tarar da shi yana share ido da hannun riga.

"Ni ka kwana da shi, ni ka tashi da shi," yakan ce. "Ai ba ni da kowa sai shi."

Mutane su fita suna cewa Allah ya ba kowa wa irin Maccido.

Ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi injin ban ruwa. Ya kira masu haƙa suka buga rijiyar burtsatse a fadamar Sahabi. Ya fasa rumbun geronsa ya sayi taki da mai, ya dasa albasa daga wannan iyaka zuwa waccan. Tasa fadamar ko leƙa ta bai yi ba. In an tambaye shi sai ya ce ai yana riƙe wa ƙanensa ne, kada ƙasar marar lafiya ta kwana banza.

Shi kuwa Sahabi, kunu tsararo ake ba shi, wai don kada ya yawaita bayan gida, da yake Maccido ba ya son ɗaukar kasko. Ba gashi, ba juyi, ba wanka. Da 'yan dubiya sun fita, Maccido zai jawo kwanon da suka kawo, ya naɗe hannun riga, ya ci kaza a kan mutumin da aka yanka ta dominsa, yana tsotsar ƙashi, yana gyatsa. Wuyansa ya yi kauri, kumatu suka fito.

"Yaya, bayana na ƙuna. Tashe ni in gwada tsayuwa."

"Kwanta! So kake ka faɗi ka sake karyewa, a ce ni ban kula da kai ba?"

Da wari ya fara tashi, bai ɗaga bargo ya duba ba. Kaskon turaren wuta ya sa aka kawo, aka riƙa zuba turare daga safe har yamma. Sahabi ba zai iya tona wansa a gaban baƙi ba. Kaltume kuwa, zaure cike da maza ba wurin shigarta ba ne, ga kunyar yayan miji, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Daga bayan danga take miƙo kwano, a ce mata da sauƙi.

Ayuba bai manta ba. Ya zo kan babur, aka ce masa mara lafiya na barci. Ya sake dawowa, Maccido ya tare shi tun a waje, ya tsaya a ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Gidan ga nawa na. Ba ka shiga."

"Ba gidanka na zo gani ba, Malam Maccido, gwiwa na zo gani." Ayuba ya ɗaga hanci. "Wannan warin fa? Ba na turare ba ne."

"Akuya tam mace bayan gida."

Ayuba baƙo ne, ba zai ture mai gida a ƙofarsa ba. Sai ya koma wajen babur ɗinsa, kusa da dangar mata, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"To ka ji da kyau! Mutumin da ba a juya shi, bayansa ruɓewa yake yi. In ruɓar ta kai ƙashi, ba sauran gashi, yanke ƙafar za a yi. Na faɗa!"

Ba don Maccido ya faɗa ba. Kaltume na tsaye a bayan dangar da taɓarya a hannu, ta ji kowace kalma. Ba ta iya fuskantar yayan mijinta, amma akwai wadda ta iya. Washegari da mai tallan nono ta shigo, Kaltume ta ja ta gefe, ta roƙe ta ta kai saƙo Giwa Tazo wurin Goggo, ƙanwar uban su Maccido, tsohuwa mai sayar da daddawa wadda bakinta ba ya tsoron kowa.

Ranar Juma'a Goggo ta iso, bayan an sauko daga masallaci, zaure cike da dattawa. Ba ta bi ta ƙofar mata ba. Ta cire takalmi ta kutsa kai tsakiyar maza.

"A'a, Goggo, sannu da hanya," in ji Maccido, ya yi zumbur ya miƙe. "Shiga daga ciki, mata na can."

"Ba wurin mata niz zo ba. Kauce."

Ta durƙusa dab da tabarma, inda ba ɗan dubiyar da ya taɓa kaiwa. Ta dubi fuskar Sahabi, ido ya faɗa, leɓe ya tsage.

"Ya jiki, Sahabi?"

"Da sauƙi, Goggo," in ji Maccido.

"Kai anka harba?"

Ta juya ga Sahabi. Ta sake tambaya. Sahabi ya buɗe baki, ya dubi wansa, ya rufe, hawaye suka gangaro ta gefen kunne.

"Wanga turare na mi na? Amarya anka kawo?" Ta ture kaskon da bayan hannu, garwashi ya watse. Ta kama bakin bargon.

"Goggo, ga mutane! Tsiraicin magidanci..."

Ta fizge.

Ƙudaje ne suka fara tashi. Sannan warin ya bugi zauren, irin wanda ke tsaya wa mutum a maƙoshi har gobe. Wandon ya manne da jiki, tabarmar ta manne da wandon, duk sun yi baƙi da ruwan ciwo da abin da ba ya faɗuwa. A kwankwaso wani gyambo ne da dunƙulen hannu zai shige. Diddigen ya ɓare, tsutsa na motsi a ciki, farare, ƙosassu. Ƙafar kuwa ta zama kamar busasshen karan dawa, gwiwa kaɗai ta kumbura a tsakiya. Dattawa suka toshe hanci da hannun riga. Na'ibin liman ya fita da gudu, aka ji shi yana amai a gindin katanga. A gefen mara lafiya kuma, inda bargon ya rufe, ga kwano cike da ƙasusuwan kaji.

"Ƙaddara ta," in ji Maccido. "Ciwon ga haka shike, ni na yi iyakar..."

Goggo ta tofa yawu a gaban ƙafarsa.

"Ni niy yi maka wanka ranar da anka haihe ka, Maccido. Da na san abin da nike wankewa ke nan, da na bar ka da ƙazantarka. Kare ma na lashe ciwon ɗan'uwa nai. Kai ko ci kaka yi." Ta juya ga dattawan. "Ku kuma kun tsaya kallona? Wa ad da mota nan?"

Shehu direba na cikinsu, mai a-kori-kurar ɗaukar albasa. Shi ya kawo mota bakin ƙofa. Da tabarmar gaba ɗaya aka ɗauki Sahabi, don ba ta rabuwa da shi. Kaltume ta fito da mayafi ta haye baya, ba ta nemi iznin kowa ba.

A Jega sai da aka jiƙa tabarmar da ruwan ɗumi kafin a ɓanɓare ta. Likitoci suka duba suka ce ruɓar ba ta kai ƙashi ba, amma saura kaɗan. Aka yanke mataccen nama, aka yi ta wanki da ɗauri. Ayuba bai ce ai na faɗa muku ba. Ya kama gwiwar ya gwada turawa, ta ƙi ko motsi. Sai ya dubi Sahabi.

"Sahabi, zan gaya maka gaskiya. Abin da ya bushe ya bushe, duka ba za ta dawo ba. Amma akwai saura, kuma wannan karon zafin ya fi na da. Za ka iya?"

"Murɗa, likita. Ko na ce ka bari, kak ka bari."

Aka koma ruwan zafi da tawul, aka koma ihu har bakin titi. Kaltume Ayuba ya koya wa aikin a wannan karon, ita ke gashi, ita ke ɗaura wa mijinta jakar rairayi a idon sawu ya riƙa ɗagawa. Altine, wanda tuni an sallame shi, yana zuwa ran kasuwa a duba kafaɗarsa. Ya shigo ya ɗaga hannun dama sama har ya taɓa rufi, don dai Sahabi ya gani.

"Kaɗo, ina kat tahi? An ce min can gida kiwonka aka yi. Ga shi ko na ga wani yaƙ ƙiba, ba kai ba."

"Zo ka riƙe min kafaɗa, ka bar surutu."

Altine ya danne shi da hannun nan da aka sara, Ayuba na turawa. Haka aka yi ta yi, har ranar da Sahabi ya tsaya tsakanin gorar nan biyu, jiki na rawa, ya ja ƙafa ya kai ƙarshe, ya juyo da kansa. Kaltume ta rufe fuska da mayafi. Ayuba cewa kawai ya yi, "Sake."

Ba a yanke ƙafar ba. Sahabi ya koma gida da sanda, daga baya ya jefar da ita. Amma gwiwar rabi take lanƙwasuwa har yau. Yana ban ruwa, yana huɗa, sai dai ba ya iya tsugunawa dashe, kuma in zai yi salla miƙe ƙafar yake yi gefe. Ayuba ya ce da an bar masa shi tun farko, da ba mai gane wace ƙafa aka harba. Wannan rabin da Sahabi ya rasa, Maccido ne ya cinye shi da kaji.

Kafin Sahabi ya dawo albasa ta nuna, ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Maccido ya tara 'yan ƙwadago zai fara cira, sai ga ɗan aiken maigari. Da Maccido ya isa gidan maigari, ya tarar da dattawan nan da suka ga abin da ke ƙarƙashin bargo, Goggo kuma na zaune a bakin ƙofa.

"Albasar wa ta ga fadamar Sahabi?" in ji maigari.

"Ranka shi daɗe, ni nid dasa. Irina, takina, injina."

"Ba kai ka hwaɗin riƙe wa ƙanenka kaka yi ba? Akwai wanda bai ji ba nan?"

Kowa ya ji. Na'ibi ya ce shi a bakin masallaci ma aka gaya masa.

"To ka riƙe, Allah shi biya ka. Mai abu ya kusa dawowa, sai ka saki. Hatsin agaji da buhunan da anka kawo don mara lahiya hwa, suna ina?"

Maccido ya sunkuyar da kai. Wasu an ci, wasu an kai kasuwa. Maigari ya ce a ɗauki injin ban ruwa a madadinsu. Maccido ya yi kuka, na gaske a wannan karon, ba wanda ya ce masa sannu.

To ga abin da Maccido ya rasa, ku lissafa da kanku. Ya rasa shanun huɗa biyu, da damina ta zo da fartanya ya shiga gona kamar wanda bai taɓa mallakar shanu ba. Ya rasa injin da ya sayar da su ya saya. Ya rasa rijiyar burtsatse, don rijiya ba a tumɓuke ta a kai gida. Ya rasa rumbun gero guda, da albasar fadama guda da ya yi wa ban ruwa rani sukutum, ko ƙwaya ɗaya bai kai kasuwar Aliero ba, ga tasa fadamar ta shekara ba shuka. Sahabi ya ja katanga tsakanin sassansu, ya huda tasa ƙofa ta gabas. Goggo har ta koma ga Allah ba ta sake taka gidansa ba. Maƙwabtan da suke ciyayya da shi a ƙofar gida suka ɗauke kwanoninsu suka koma wata inuwa. Kuma tun daga ranar ba a sake kiransa shaida ba a Jiga Makera, ko ta cinikin akuya.